Monako: ƙasar da ba ta karɓar harajin albashi, daga ina take samun kuɗi?

"Malam, barka da aiki. Na daɗe ina jin sunan Monako a labaran ƙwallo, sai kwanan nan na gane ashe ƙasa ce mai cin gashin kanta. An ce mini ba ta kai girman wata unguwa a Kano ba, ba a biyan haraji a cikinta, kuma mutanenta sun fi na ko'ina kuɗi. To, idan gwamnati ba ta karɓar haraji, da me take gudanar da ƙasa? Da gaske ne da kuɗin caca suke rayuwa? Wa ke mulkinsu? Kuma me zai hana ƙasashenmu su kwaikwaye su?"

Barka kadai, ɗan'uwa. Tambayarka huɗu ce a dunƙule, amma duka suna rataye a kan magana ɗaya da aka faɗa maka, wato "ba a biyan haraji". Wannan magana rabinta gaskiya ce. Abin da Monako ba ta karɓa shi ne harajin da ake cirewa daga albashi ko kuɗin shigar mutum. Wasu nau'o'in haraji kuwa tana karɓa, kuma tana karɓa da nauyi. Na yi shekaru ina koyar da darasin kuɗin gwamnati, kuma duk lokacin da muka zo kan Monako sai in ga ɗalibai sun ɗauka wata ƙasa ce da kuɗi ke sauko mata daga sama. Ruwa ba ya tsami banza. Bari mu fara da wurin kansa, don yanayin ƙasar ne ya haifi komai.

Ƙasa ce a gindin dutse

Monako tana bakin tekun Bahar Rum, a kudu maso gabashin Faransa. Faransa ta kewaye ta ta ɓangare uku, teku ya rufe na huɗun. Birnin Nis na yamma da ita, iyakar Italiya na gabas, kowanne tafiyar ƙasa da awa ɗaya. Faɗinta gaba ɗaya murabba'in kilomita 2 ne da ɗan ɗoriya, wato hekta 200 da 'yan kai. In kana son ka kwatanta, ka jera filayen ƙwallo kusan 300, ka gama da ƙasar. Fadar Vatikan ce kaɗai ta fi ta ƙanƙanta a duniya. A cikin wannan ɗan tsiri mutum wajen 38,000 ke zaune, shi ya sa babu wata ƙasa mai 'yanci da ta kai ta cunkoso.

Na taɓa shiga sau ɗaya, ta jirgin ƙasan safe daga Nis. Tashar tana cikin dutse, an haƙa ta a ƙarƙashin ƙasa don kada ta ci fili. Da ka fito sai ka ga gari ne da aka ɗora a jikin gangare, bene a bayan bene, har hukuma ta kafa lif da matakala masu tafiya da kansu a tituna domin jama'a su riƙa hawa daga wata unguwa zuwa wata. Ta sama akwai garin Beausoleil na Faransa, inda za ka tsallaka titi ka bar ƙasa ɗaya ka shiga wata ba tare da ka ga shinge ba. Babu filin jirgin sama, na Nis suke amfani da shi. Babu gona, babu ma'adini, babu man fetur. Tsohon garin da fadar sarki suna kan wani tsauni da ya kutsa cikin teku, wanda suke kira Dutsen. Ƙasa da shi akwai tashar jiragen ruwa, sai unguwar Monte Karlo a ɗaya gefen. Mutane da yawa na ɗauka Monte Karlo ce babban birni, alhali unguwa ce kawai.

Yadda talauci ya kai su ga gidan caca

Gidan Grimaldi ne ke sarauta, asalinsu mutanen Genoa ne ta Italiya. A 1297 wani François Grimaldi ya kama ganuwar Dutsen, kuma labarin da suke riƙe da shi shi ne ya yi shigar limamin zuhudu na Kirista aka buɗe masa ƙofa. Har yau tambarin ƙasar na ɗauke da irin waɗannan limamai biyu riƙe da takubba. Sun sha rasa wurin suna dawowa, sun zauna ƙarƙashin inuwar Sifen, da Faransa, da masarautar Sardiniya, a zamunna daban-daban.

Abin da ya fi muhimmanci ga tambayarka ya faru ne a tsakiyar ƙarni na 19. A lokacin Monako ta fi yadda take yanzu girma nesa ba kusa ba, domin garuruwan Menton da Roquebrune nata ne, kuma daga lemon tsami da zaitun ɗinsu baitulmali ke cika. Mutanen waɗannan garuruwa sun gaji da nauyin haraji, suka ɓalle a 1848. A 1861 Sarki Charles III ya sallama su ga Faransa a kan kuɗi faran miliyan 4, Faransa kuma ta amince da 'yancin abin da ya rage. Fiye da kashi 90 cikin 100 na ƙasar ya tafi ke nan. Aka bar sarki da dutse da teku da talakawa ƙalilan.

Mafitar da suka samu ita ce caca, wadda a lokacin aka haramta a Faransa. A 1863 aka kafa kamfanin Société des Bains de Mer domin gudanar da gidan caca, aka damƙa shi a hannun François Blanc, mutumin da ya riga ya ƙware a wannan sana'a a Jamus. A 1866 aka raɗa wa unguwar suna Monte Karlo, wato tsaunin Charles. Jirgin ƙasa ya iso a 1868, attajiran Turai suka fara kwarara. Kuɗi ya shigo har ya kai a 1869 sarki ya soke harajin kai tsaye a kan mazauna ƙasar. Daga nan maganar "ba haraji" ta samo asali. Sarkin da gidansu ya rasa ƙasa saboda tsananta haraji ya ɗauki darasi.

To, game da tambayarka ta caca: a wancan zamani, ƙwarai, ita ce ta ɗauki ƙasar. Yau kuwa abin da gidan caca ke zubawa a baitulmali bai wuce 'yan kaso kaɗan cikin 100 ba. Kuma ga abin da ya kamata ka sani, doka ta hana ɗan asalin Monako shiga ya yi caca a can. Masu mulkin sun san illarta tun farko, suka kare nasu, suka buɗe wa baƙi. Ni ban ga abin yabo a wannan ba, kuma ba zan ɓoye maka ba cewa harsashin arzikin ƙasar an gina shi ne da asarar wasu. Amma wanda ya ce yau da caca ake biyan albashin ma'aikatan Monako bai duba kasafin kuɗinta ba.

Inda kuɗin ke fitowa yanzu

Kasafin gwamnatin a 'yan shekarun nan yana wajen Yuro biliyan 2 a shekara. Kusan rabinsa daga harajin VAT yake, harajin nan da ake ɗorawa a kan kaya da hidima lokacin saye. Monako na cikin tsarin kwastan ɗaya da Faransa, don haka adadin Faransa take bi, kashi 20 cikin 100 a kan yawancin kaya. Ka gwada da kashi 7.5 na Najeriya ko kashi 19 na Nijar. Yanzu ka yi tunanin irin cinikin da ake yi a wurin: gine-gine na ɗaruruwan miliyoyi, otal-otal, agogo, motoci, jiragen ruwa na alfarma. Attajirin da ba a taɓa albashinsa ba, duk ranar da ya buɗe aljihu hukuma na da rabo.

Na biyu shi ne ƙasa da gidaje. Matsakaicin farashin murabba'in mita ɗaya na gida ya kai wajen Yuro 50,000. Ɗaki ɗaya madaidaici ya haura Yuro miliyan ɗaya. Duk gidan da ya sauya hannu sai an biya kuɗin rajista, kuma gwamnati da kanta babbar mai gidaje ce da ke karɓar haya. Na uku, harajin ribar kamfanoni. Kamfanin da fiye da kashi 25 cikin 100 na cinikinsa ke fitowa daga wajen Monako yana biyan haraji a kan ribarsa, a yanzu kashi 25 cikin 100. Sai kuma ribar hannun jari, domin gwamnati ce ke da fiye da rabin kamfanin nan na Société des Bains de Mer, mai gidan caca da manyan otal-otal. Ma'aikata da masu ɗaukarsu aiki suna biyan kuɗin fansho da na lafiya. Gado ma, idan ba tsakanin iyaye da 'ya'ya ko ma'aurata ba ne, akwai abin da ake cira.

In ka haɗa waɗannan za ka ga dabarar. Monako na da kaya ɗaya tak na sayarwa, izinin zama a cikin hekta 200 ɗin nan. Rashin harajin albashi shi ne tallan da ke jawo mai saye. Da ya zo dole ya sayi gida ko ya kama haya, ya ajiye kuɗi masu kauri a bankin ƙasar kafin a ba shi takardar zama, ya ci, ya sha, ya yi hidima a can. Abin da aka yafe masa ta ƙofa ana karɓar wani ɓangarensa ta taga. Saboda fili shi ne hajar, suna ƙirƙirar sabo. A zamanin Sarki Rainier III aka cike teku aka gina unguwar Fontvieille, inda filin wasan ƙungiyar AS Monaco yake. A watan Disamba na 2024 aka buɗe wata sabuwar unguwa, Mareterra, hekta 6 da aka ƙwato daga teku a kan kuɗi wajen Yuro biliyan 2. Wanda ya san aikin Eko Atlantic a Legas ya san irin abin da nake nufi.

Tseren motoci na Grand Prix da ake yi a titunan garin tun 1929, da gidan tarihin halittun teku da Sarki Albert I ya buɗe a 1910, da ƙungiyar ƙwallon da ka ji sunanta, duk suna hidima ga abu guda, su riƙe sunan ƙasar a bakin duniya. Ƙungiyar a gasar Faransa take bugawa. George Weah ya yi wasa a can, haka Victor Ikpeba na Najeriya, wanda ya zama gwarzon ɗan ƙwallon Afirka a 1997 yana sanye da rigarta.

Su wa ke mulki, kuma a kan wa

Turawa na kiran mai mulkin da laƙabin da mukan fassara da Yarima, sai mai karatu ya zaci ɗan sarki ne mai jiran gado. A'a, shi ne sarkin. Na yanzu shi ne Albert II, wanda ya gaji mahaifinsa Rainier III a 2005. Kuma kada ka auna shi da sarkin Ingila, ko da sarakunanmu na yau waɗanda tsarin mulki bai ba su ikon zartarwa ba. Sarkin Monako na da iko na gaske. Kundin tsarin mulki na 1962, wanda aka yi wa gyara a 2002, ya sa ikon zartarwa a hannunsa. Shi ke naɗa shugaban gwamnati, wanda ake kira Ministan Ƙasa, kuma gwamnati a gabansa take ba da bahasi, majalisa ba ta iya tsige ta.

Majalisar Ƙasa na da kujeru 24, ana zaɓe duk shekara 5. Doka ba ta tabbata sai sarki da majalisa sun yarda, kuma majalisar ce ke amincewa da kasafin kuɗi, wanda nan ne ƙarfinta yake. Sarki na iya rushe ta. A zaɓen 2023 gungu ɗaya ne ya lashe kujerun 24 duka, wannan kaɗai ya isa ya nuna maka cewa siyasar wurin ba ta hamayya mai zafi ba ce.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne masu zaɓen. Cikin mazauna 38,000, 'yan ƙasa ba su wuce 9,000 zuwa 10,000 ba, wato kusan ɗaya cikin huɗu. Sauran Faransawa ne, Italiyawa, Turawan Ingila da 'yan wasu ƙasashe fiye da 100. Attajiri na iya shekara 30 a can ba shi da ƙuri'a. Zama ɗan ƙasa na buƙatar zaman shekara 10 aƙalla, kuma ko an cika sharuɗɗa sai sarki ya ga dama. 'Yan ƙasar kuwa da yawansu ba attajirai ba ne, ma'aikata ne na yau da kullum. Da a kasuwa aka bar su, da tsadar haya ta kore su daga garin kakanninsu. Shi ya sa gwamnati ke gina musu gidaje masu rangwamen haya, doka kuma ta ba su fifiko wajen ɗaukar aiki. Hidimar mutum dubu 10 da kuɗin Yuro biliyan 2 ba abu ne mai wuya ba.

Inuwar Faransa

Duk wannan ba zai tsaya ba in babu Faransa. Ita ke da alhakin tsaron Monako, wadda ba ta da soja sai 'yan dogaran fada da ma'aikatan kashe gobara. Monako ba ta cikin Tarayyar Turai, amma Yuro take kashewa. Alƙalai da dama a kotunanta aro ne daga Faransa. Kafin yarjejeniyar da ƙasashen biyu suka ƙulla a 2002, dole ne Ministan Ƙasa ya zama Bafaranshe. Yanzu an yarda ɗan Monako ya riƙe, amma har yau galibi Bafaranshen ake naɗawa. Monako ta shiga Majalisar Ɗinkin Duniya a 1993, tana da ƙuri'a ɗaya kamar kowa, sai dai ta san iyakar tsallenta.

An gwada wannan iyaka a 1962. Shugaba Charles de Gaulle ya fusata da yadda attajiran Faransa da kamfanoninsu ke komawa Monako don guje wa haraji, ya sa aka kafa shingen kwastan a kan iyaka. Ƙasar da ruwanta da wutarta da hanyoyinta galibi ta Faransa suke biyowa ba ta da ƙarfin ja-in-ja. A 1963 aka sa hannu: Bafaranshen da ke zaune a Monako zai ci gaba da biyan harajin Faransa, in ban da waɗanda suka daɗe a can tun kafin rikicin. Harajin ribar kamfanonin da na ambata ma daga nan ya fito. Ga maƙwabci mafi kusa, Monako ta zama inuwar giginya, na nesa ka sha.

Wannan jirgin safe da na ce na shiga, a tsaye na yi tafiyar don cika. Masu shara ne, masu dafa abinci, magina, ma'aikatan banki da na asibiti. Kullum dubun dubatar ma'aikata ke shigowa daga Faransa da Italiya, yawansu ya zarce na mazauna ƙasar, da yamma su koma. Ba za su iya kama haya a inda suke aiki ba. Makarantun 'ya'yansu da cunkoson hanyoyinsu suna wuyan ƙasashen da suke kwana. Wannan ne ya sa nake gargaɗin ɗalibai game da alƙaluman da ke nuna kowane mutum a Monako na samar da fiye da Dala 200,000 a shekara. An raba aikin mutane masu yawa ne a kan 'yan kaɗan da ke kwana a ciki. Ofishin ƙididdigar Monako da kansa yakan haɗa da masu shigowa aiki idan zai yi nasa lissafin, sai adadin ya sauko sosai.

Akwai kuma tabon da bai kamata in tsallake ba. Wurin da kuɗin duniya ke taruwa, na halas da na haram duka kan nemi shiga. A watan Yuni na 2024 FATF, hukumar ƙasa da ƙasa mai yaƙi da safarar kuɗin haram, ta sa Monako a jerin ƙasashen da ake sa wa ido kan halasta kuɗin haram, jerin da aka sa Najeriya a 2023. Ga ƙasar da suna shi ne jarinta, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Ko za mu iya kwaikwaya

A ganina, a'a. Tsarin na aiki ne saboda masu cin moriyar kaɗan ne ƙwarai, masu kawo kuɗin kuma daga waje suke zuwa da dukiyar da aka tara a wasu ƙasashe. Ƙasa mai mutum miliyan 200, ko miliyan 25, ba ta da inda za ta tura ma'aikatanta su kwana, ba ta da maƙwabciyar da za ta ɗauke mata nauyin soja da kuɗi da kwastan. Idan Najeriya ta soke harajin albashi gobe, attajiran duniya ba za su yi layi ba, domin ba rashin haraji kaɗai suke saya a Monako ba. Suna sayen tsaro, da 'yan sanda masu yawa a kan kowane titi, da wutar da ba ta ɗaukewa, da kotun da takardar gida ke da daraja a gabanta, da kusanci da manyan biranen Turai. Kuma tsarin ba ya ɗaukar masu kwaikwayo da yawa: harajin da attajiri ya tsere wa a ƙasarsa, wani ne zai biya shi ko a rasa wata hidima.

Akwai ƙananan abubuwa da nakan nuna wa masu aikin tara kuɗin shiga a jihohi idan muna bita. Monako ta san kowane gida da mai shi da ranar da ya sauya hannu, shi ya sa harajin ciniki ba ya zurarewa. A garuruwanmu da yawa fili kan sauya hannu sau uku hukuma ba ta da labari. Tana kuma da asusun ajiya da tsarin mulki ya tanada, inda ake zuba rarar kasafi, ba ta dogara da cin bashi. Waɗannan biyun ba sa buƙatar teku ko gidan caca.

Iyakar fannina lissafin kuɗin gwamnati ne, kuma ziyarar yini ɗaya ba ta mayar da mutum ɗan gari. Idan tambayar taka na da nasaba da niyyar zama ko kafa kamfani a can, lauyan haraji za ka nema, wanda zai duba dokar Monako tare da ta ƙasar da kake riƙe da fasfonta. Ba'amurke, alal misali, ko ya koma Monako Amurka na binsa harajinta, domin ita da shaidar ɗan ƙasa take karɓa. Najeriya da Nijar kuwa suna duba inda mutum ke zaune da inda kuɗin ya fito, don haka hayar gidanka na Kano ko ribar shagonka na Maraɗi suna nan a ƙarƙashin harajin gida ko da ka samu takardar zama a Monte Karlo.